Katin memwar ba rumbu ba ne

A Safo, cikin jihar Maraɗi, da wuya a wuce rumfar mai shayi ko teburin ɗan tireda ba a ji ƙaramar rediyon nan ƴar Sin tana magana ba. Ba tasha take kamawa kullum ba. A gefenta akwai wata ƴar ƙofa inda ake zura katin memwar, shi ke ɗauke da tafsirin azumi, da waƙoƙin biki, da shirye-shiryen Muryar Sahel da aka naɗa domin a sake saurare. Kaset ya tafi, kati ya gaje shi.

Kamfanoni uku, SanDisk da Panasonic da Toshiba, suka fito da katin SD a 1999. Ƙaramin da ake sa wa salula da rediyo, wato microSD, ya biyo baya a 2005. Tsawonsa milimita 15, faɗinsa 11, bai fi farce ba. Amma mai jiga 4 yana iya ɗaukar magana ta sama da awa 60, abin da sai an tara kaset 40 mai minti 90.

Wannan yalwa ita ta sa mutane suka ba shi amanar da ta fi ƙarfinsa. Ɗan kasuwar da ke fatauci tsakanin Maraɗi da Jibiya, in bai iya rubutu ba, da murya yake naɗar sunayen waɗanda yake bi bashi. Wani kuma ya naɗi mahaifinsa yana faɗin iyakar gona, tsohon ya rasu, ba sauran shaida sai katin. Ranar da rediyo ta ƙi karanta shi, ranar ce rigima ke tashi a gida.

Me ke kashe kati? Na farko, zare shi rediyo tana aiki. A cikin kowane kati akwai wani ɗan rajista mai nuna inda kowace murya take. In an fizge shi ana cikin naɗa, ko batir ya mutu a lokacin, rajistan ke lalacewa: maganar tana nan, hanyar zuwa gare ta ce ta ɓace. Na biyu, zafi. Kati yana tsare abin da aka ba shi ne da ɗan cajin lantarki, zafi kuwa yana sa cajin ya riƙa zurarewa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maraɗi ke haura digiri 40, barin rediyo a gaban mota ko ƙarƙashin kwano ganganci ne. Na uku, jabu. Akwai katin da aka rubuta wa jiga 32 alhali cikinsa bai kai haka ba. In ya cika, sabon naɗi sai ya hau kan tsoho ba tare da ya yi gargaɗi ba. Araha ba ta ado.

Maganin ba ya cin ko dala. A kashe rediyo kafin a sa kati ko a cire shi. A riƙe shi ta gefe, kada yatsa mai maiƙo ya taɓa bakinsa mai ruwan zinari. Yawancin ƙananan rediyoyin nan tsarin FAT32 suka sani, wanda ake yi wa kati har zuwa jiga 32. Wanda ya fi haka yana zuwa da wani tsari daban, shi ya sa rediyo ke ƙin sa ko da sabo ne.

In kuwa kati ya ƙi buɗewa, kada a yarda mai tura waƙoƙi ya goge shi domin ya "gyaru", kada kuma a ƙara masa komai. Sau da yawa mai kwamfuta yana iya ceto abin da ke ciki muddin ba a yi sabon naɗi a kansa ba.

Abin da ya fi duka: maganar da ke da nauyi a kwafe ta wuri biyu, a kuma sauke ta kan takarda. Bashi a littafi, iyakar gona gaban shaidu da mai gari, a nemi takardarta. Ma'aikatan komin da malaman lakwal su ne suka fi cancanta su faɗakar da jama'a. Manomin Safo ba ya ajiye irin shuka a aljihu. In kunne ya ji, jiki ya tsira.