Saniyar Turai Da Zafin Bazara

Wani malamin makaranta ya aiko da takarda yana tambaya, wai me ya sa saniyar Turai da a ke sayowa da kuɗi masu yawa, in ta iso ƙasarmu sai ta rame, nono ya ja baya, alhali kuwa ga Bunaji tana kiwo da rana tsaka ba ta ko kula. To, Malam, ga amsa gwargwadon abin da masana suka gano.

Ku sani, jama'a, kowace dabba tana ɗauke da wani rubutu cikin ƙwayoyin jikinta, wanda ta gada wajen uwa da uba. Haruffansa iri huɗu ne tak, amma a jikin saniya sun jeru kusan miliyan dubu uku. Cikin 2009 aka bayyana karatun na wata saniya irin Hereford a Amurka, aka sami ƙwayoyin gado wajen 22,000. Tsawon gashi da yawan nono da jimirin ƙishirwa, duk da hannun rubutun nan a ciki.

Ita Holstein an tace irinta ne domin ƙasar sanyi. Yawan nono sai da yawan ci, yawan ci kuwa hura wutar jiki ya ke yi, ga gashi mai kauri kamar bargo. Bazara na kamawa sai ta rage ci, ta yi ta haki, ɗaukar ciki ma ya yi mata wuya. Namu masu tozo kuwa gajeren gashi gare su, da fata mai yalwa, da gumi isasshe.

Amma ku ji abin mamaki. A wani tsibiri na tekun Karibiyan akwai shanu da a ke kira Senepol, gashinsu gajere ne sumul. Cikin 2014 waɗansu masana a Niyu Zilan suka nuna cewa harafi guda ne ya faɗi daga ƙwayar gadon da ke karɓar saƙon furolaktin, watau sinadarin da ke sa nono ya kawo. Harafi guda! Ko ta wajen uba kaɗai maraƙi ya gaje shi, ya isa. An shigar da shi cikin Holstein ta hanyar barbara, aka ga jikinsu bai kai na 'yan'uwansu zafi ba, nononsu kuma bai faɗi ƙwarai da bazara ba. Af, an daɗe ana cewa Senepol jikokin shanun N'Dama ne na Senegal. Da aka karanta rubutunsu sai aka tarar jinin Afirka ɗan kaɗan ne, galibi na Turai ne.

Irin wannan karatu ya yi aiki a yaƙin bushiya. Da shi aka rarrabe ƙwayar cutar gida uku, biyu a Afirka, ɗaya a Asiya, har a kan gane daga inda annoba ta ɓullo. An yi mata ganin ƙarshe cikin ɓaunan Kenya a 2001, aka yi shelar ƙarewarta a duniya cikin 2011. 'Yar'uwarta mai kashe awaki da tumaki kuwa tana nan har yanzu.

Ni dai a ganina haɗa iri ba laifi ba ne. Sai dai gashi sumul ba ya maganin sammore. In muka saki barbara ba lissafi, Bunaji da Rahaji da Bokolo za su narke cikin baƙin jini tun ba a gama karanta abin da Allah Ya ajiye cikinsu ba, kuma ba kasuwar da za a sake sayo su. Aikin nan na masanan Shika da na Vom ne, amma sai makiyaya sun ba su labari na gaskiya.

Saboda haka duk mai garken haɗin iri, ina roƙonsa ya rubuto mana ƙwarya nawa ya ke tatsa da damina, nawa da bazara, mu buga a wannan shafi.