Tsawon Igiya da Ƙarfin Laima

Wasan zamiya a kan ruwa da laimar iska ya samo siffarsa ta yau daga laimar da wasu 'yan'uwa biyu Faransawa, Bruno da Dominique Legaignoux, suka yi wa rajista a 1984, kuma a 2024 ya shiga gasar Olamfik a Marseille. Ɗan wasa yana tsayawa bisa allo, laima na jan sa daga sama. Igiyoyi huɗu ko biyar, masu tsawon mita 20 zuwa 24 galibi, su ke haɗa ta da sandar da ke hannunsa. Abin da ya dace da mai koyo shi ne ya fara da gajeriyar igiya, domin duk ƙarfin da tsawo ya ƙara, da iko ake biyan sa.

Mazaunin N'Djamena ba ya bukatar teku kafin ya gane dalili na farko. In hunturu ya taso daga kwarin Bodele, kan dogayen itatuwan bakin kogin Chari ya fi ciyawar gindinsu kaɗawa, saboda ƙasa da gidaje suna rage wa iska gudu. Doguwar igiya takan kai laima sama, inda iska ta fi ƙarfi da daidaito. Dalili na biyu kuwa, tana faɗaɗa fagen da laima ke shawagi, sai ta sami sararin ƙara gudu. In gudun iskar da ke bugun laima ya ninka sau biyu, ƙarfin janta yakan ninka sau huɗu.

Sai dai igiya linzami ce. In ta yi tsawo takan yi ciki, ta ɗan miƙe, umarnin hannu ya makara kafin ya isa. Gwani ya san wannan jinkiri, yana lissafi da shi: yakan ƙara tsawo ranar da iska ta yi sanyi, ya rage in zai bi igiyar ruwa, inda ake son juyi cikin hanzari. Mai koyo kuwa, kuskure ɗaya ya isa laima ta fizge shi ta ja shi bisa yashi, igiyoyin kuma su tsaga duk wanda ke kan hanyarsu.

Masu cewa gajeriyar igiya tana jinkirta koyo suna da hujja, don dole ɗalibi ya sake sabawa da doguwa daga baya. Amma jinkirin 'yan kwanaki ya fi karaya sauƙi. Sannu ba ta hana zuwa.