Takardar Koke Kan Kamen Dare da Cinikin Beli

Zuwa ga Mai Girma Kwamishinan 'Yan Sanda na Jiha,
Ta hannun Mai Unguwa da Dagacin yankinmu.

Ranka ya daɗe,

Mu ne iyaye da masu ƙananan sana'o'i na wannan unguwa: masu shayi, teloli, masu cajin waya, 'yan adaidaita sahu da mata masu tuyar awara a bakin titi. Mun kawo kukanmu gare ka game da yadda jami'an caji ofis ɗin yankinmu suka mayar da kamen matasa sana'ar dare, a kan laifin da bai taka kara ya karya ba, wani lokaci ma babu laifin ko kaɗan.

Kada a ɗauka muna kare 'yan ta'adda ne. Ƙwacen waya ya addabe mu, faɗan daba ya ci mana 'ya'ya, kuma mu da bakinmu muka roƙi a ƙara sintiri. Duk wanda aka samu da wuƙa ko gariyo ko ƙwaya, a kama shi, za mu tsaya shaida. Abin da muke gani dabam ne. Motar 'yan sanda takan tsaya a teburin mai shayi bayan isha'i, a ce kowa ya hau. Babu tambayar suna, babu tambayar sana'a. Telan da ya fito shan shayi da awo rataye a wuya, ɗalibin da ya zo karɓar wayarsa daga caji, yaron da mahaifiyarsa ta aika sayen maganin sauro, duk a loda su. Bayan motar ta wuce, sai silifas warwatse a ƙasa da indomi tana ƙonewa a kasko. Masu makamin kuwa, da ganin fitilar mota sun bi lungu.

Da safe ka zo ƙofar ofishin ka ga iyaye mata a tsaye da kwanon koko da ƙosai, suna jiran a kira sunan ɗansu. A bango an rubuta cewa beli kyauta ne, a ƙarƙashin rubutun kuma ake ciniki, a faro daga sama a sauko kamar sayen akuya ranar kasuwa. Wanda ya biya ya fita kafin azahar, ba a rubuta masa laifi ba, ba a kai shi gaban alƙali ba. Wanda ba shi da shi ya ƙara kwana a bayan kanta. To, ranka ya daɗe, in yaron nan mai laifi ne, don me kuɗi za su wanke shi? In ba mai laifi ba ne, me ya kai shi can tun farko?

Mun tambayi masana doka kafin mu rubuto. An shaida mana cewa tun 1989 gwamnatin tarayya ta soke laifin yawon banza, ta hana a tuhumi mutum don kawai an gan shi yana yawo. Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ma ta bayyana a Disamban 2020 cewa irin waɗannan dokoki na farautar marasa galihu sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ita ce taku ta kanku. Sashe na 54 ya ce shekarun mutum ko askinsa ko irin suturarsa ba hujjar zargi ba ne. A wurinmu kuwa tara suma da ɗamammen wando sun isa su kwanar da yaro a ofis.

Dokar nan dai, a sashe na 32, ta hana kama mutum saboda bashi ko saɓa alkawarin ciniki, domin wannan shari'a ce ta tsakanin mutum da mutum. Amma yau wanda yake bin tela ɗinkin Sallah, ko mai gidan da ke bin kuɗin haya, ba ya tunanin kotu. Ofishin 'yan sanda yake zuwa, ya ba da kuɗin mai, a je a ɗauko masa mutum. Sashe na 36 ya hana kama wani a madadin wani, sai ga shi mun ga an tafi da dattijuwa da hijabin sallarta a jiki don ɗanta ya gudu, aka ce sai ya kawo kansa. Wannan baiwar Allah har yanzu ba ta son fita biki, don kunyar a ce ta taɓa kwana a hannun hukuma.

Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya wajabta a sanar da wanda aka kama dalilin kamunsa a rubuce, cikin awa 24, da harshen da yake ji, kuma a gurfanar da shi cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Daga ofishin yankinmu zuwa kotun majistare tafiyar ƙafa ce.

Mun san akwai ƙananan laifuffuka na gaske. Ɗan adaidaita yakan bi hannun da ba nasa ba, maƙwabta kan yi cacar baki har a ba hammata iska. Irin wannan sammaci ya ishe shi, ko tara a gaban alƙali da rasit a hannu, ko sulhu a zauren mai unguwa. Mutumin da aka san gidansa da shagonsa ina zai gudu? Tsare shi kuwa hana shi abincin ranar ne, shi da iyalinsa, ga balas ɗin mai keke na jiransa ko ya fita aiki ko bai fita ba. In aka yi rashin sa'a maganar ta kai gidan gyaran hali, sai ya tarar da cunkoson da yawancinsa masu jiran shari'a ne. A Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da sakin fursunoni 4,068 da rashin kuɗin tara ya riƙe, bayan an tara naira miliyan 585 ta gudummawa. Ana kwashe su ta ƙofar gaba, kamen dare yana zuba wasu ta baya. Yaron da ya shiga can a kan zaman majalisa, Allah kaɗai ya san da wa zai haɗu, da kuma abin da zai koyo.

Asarar ba tamu kaɗai ba ce. Mai shayi ya fi kowa sanin wanda ke sayar da wayar sata da wanda ke ajiye makamai a kango. A da yana faɗa wa jami'ai. Yanzu da ya hango motarku sai ya kashe fitila. Jami'an kirki da ke cikinku, waɗanda muka sani muke kuma yi musu addu'a, su ne wannan ɗabi'a ta fi cuta.

Saboda haka muna roƙonka ka ba da umarni a rubuce a daina kamen kan mai uwa da wabi, a daina karɓar ƙarar bashi da ta haya. A binciki rajistar ofishin yankinmu, a gwada yawan waɗanda aka tsare da yawan waɗanda aka kai kotu. A buɗe ƙofa ga alƙalin majistare ya riƙa ziyarar wata-wata da doka ta tanada, ya ga waɗanda ke tsare da idonsa. Duk jami'in da aka samu ya karɓi kuɗin beli a sa ya mayar wa mai su, a kuma hukunta shi. Waɗanda abin ya shafa a shirye suke su yi bayani a gabanka, in za a ba su tabbacin ba za a bi su da bi-ta-da-ƙulli ba.

Ranka ya daɗe, muna roƙon ka sa mana ranar zama da kai da DPO, wato shugaban ofishin yankinmu, a gaban mai unguwa da dagaci, kafin wannan wata ya ƙare. Allah ya taya ka riƙo.

Naka masu biyayya,
Iyaye da masu sana'o'in unguwa.