Kafin masana'antar madara ta iso fadamar Haɗeja

Tun da aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya a 2024, maganar sarrafa nonon makiyaya a gida ta ƙara ƙarfi. Jahun da sauran garuruwan fadamar Haɗeja, inda shanu ke samun ciyawa har cikin rani, suna cikin wuraren da masu zuba jari za su duba. Sai dai ana yawan mantawa da ruwan wankin tukwane da bututu, wanda yakan fi madarar da aka sarrafa yawa.

Wannan ruwa fari ne, amma yana ɗauke da maiƙo da sukarin madara da furotin. Kafin lita ɗaya ta madara ta ruɓe cikin ruwa, takan cinye oksijin kimanin gram 100, wato abin da ɗaruruwan litocin ruwan kwatami ke ci. Idan ya malala cikin kogi, kifi ne zai fara shaƙewa. Furotin kuwa yakan rikiɗe ya zama amoniya, sannan naitiret, wanda ke tsiyaya cikin rijiyoyin fadama marasa zurfi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade shi a miligram 50 cikin lita, domin yana cutar da jarirai.

Ƙwayoyin bakteriya ne maganin abin. A tafkin farko, inda babu iska, sukan narkar da yawancin dattin su fitar da gas na girki. A na biyu, inda ake hura iska, wasu irinsu su mayar da amoniya naitiret. Sai a komar da ruwan wurin da babu oksijin, inda wasu kuma ke cin ragowar sukarin madara su saki naitirojin ya bi iska. Ke nan dattin da kansa ke ciyar da masu tsabtace shi, kuma zafin Jigawa yana hanzarta aikin.

Za a ce ƙaramin mai sarrafa kindirmo ba zai iya wannan ɗawainiya ba. Gaskiya ne hura iska na cin wutar lantarki. Amma fadamar ta riga ta jigata: tun bayan gina madatsun Tiga a 1974 da Challawa a 1992, kachalla ta toshe hanyoyin ruwa har zuwa Nguru, kuma naitirojin taki ne gare ta. Abin da mai masana'anta ya ƙi kashewa, masunci da manomin shinkafa ne za su biya.

Dokokin NESREA na 2009 kan masana'antun abinci sun riga sun wajabta tace ruwa. Abin da ya rage wa gwamnatin Jigawa shi ne ta sanya shi sharaɗin ba da fili, ta gina wa ƙananan masu sarrafawa tafkunan haɗin gwiwa, kuma a kan tudu, domin ambaliya irin ta 2022 za ta kwashe duk tafkin da aka haƙa a kwari ta zuba shi cikin kogi.