Ra'ayinmu: A Bai wa Kowane Yaro Rabonsa na Ƙwallo

A yawancin makarantunmu na firamare, atisayen ƙwallon ƙafa bai wuce a raba yara gida biyu a jefa musu ƙwallo ɗaya ba. Manya huɗu ko biyar su ke cin kasuwarsu, sauran kuwa sai bin ƙura har a kaɗa ƙararrawa. Yaron da ya shafe minti 30 a fili ƙafarsa ba ta taɓa ƙwallo ba, bai koyi kome ba illa cewa shi ɗan rakiya ne.

Saboda haka muke kira ga 'yan'uwanmu malaman wasanni da su rungumi wasan ɗaya da ɗaya. A shata ɗan fili mai tsawon taki 15 da faɗin taki 10, a aza duwatsu bibbiyu a matsayin raga, a sa yara biyu su kara na minti ɗaya, sannan su huta wasu su shiga. A nan babu wurin ɓuya. Mai ƙwallo dole ya koyi yanka da kāre ta da jikinsa. Wanda aka ƙwace wa dole ya juyo ya nemi abinsa, don ba shi da wanda zai ɗora wa laifi. Sai dai a haɗa su bisa girman jiki, ba bisa aji ba, domin mun san ajin da ɗan shekara 9 ke zama benci ɗaya da ɗan shekara 13. 'Yan mata ma a ware musu nasu gefen.

Wasu za su ce hakan na koya wa yaro son kai. Muna ganin ba haka ba ne: wanda ke tsoron ƙwallo ba ya miƙa ta ga abokinsa, kawar da ita kawai yake yi. Ƙasar da ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 har sau biyar, na baya-bayan nan a 2015, bai dace 'ya'yanta su tashi da wannan tsoro ba.

Matsalar ita ce kayan aiki. Ƙwallo 10 sun ishi aji mai yara 40, rabi na wasa, rabi na hutawa. Bai kamata kuɗinsu ya fito daga albashin malami ba. Muna roƙon shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su sa wannan a kasafin zango mai zuwa, kuma a daina mayar da lokacin wasanni lokacin sharar harabar makaranta.