Abyane, Ƙauyen da Aka Bar wa Dattawa

A gindin dutsen Karkas, cikin gundumar Natanz ta lardin Isfahan a ƙasar Iran, akwai tsohon ƙauye mai suna Abyane, wanda gidajensa na jar ƙasa suka hau juna a jikin tudu, amma da aka yi ƙidaya a shekarar 2006, mutum 305 kaɗai aka samu cikin iyalai 160, galibinsu dattawa, domin samari sun yi hijira zuwa Kashan da Tehran neman ilimi da abin masarufi. A ganina, ko da baƙi suna tururuwar ziyara, hukuma ba ta sauke amana ba muddin gini kaɗai take adanawa. Wajibi ne ta raya noma da sana'a domin zuriyar garin su komo.