Ceto ba saniyar kara ba ce

1/ Zare kan gardamar da ba ta ƙarewa tsakanin ɗalibai Kirista a nan jami'ar Wudil: Allah ne ya zaɓi waɗanda zai ceta tun fil azal, ko mutum ke da zaɓin karɓa? Ni a ganina, ba nan gizo ke saƙa ba.

2/ Musun ya girmi kakannin kakanninmu, kuma a Afirka ya yi zafi. Agustin, bishop na Hippo, wato Annaba ta Aljeriya a yau, ya ce zunubi ya kassara nufin mutum, sai alherin Allah ya ɗaga shi. Pelagiyus ya ce mutum na iya biyayya da ƙoƙarinsa. Taron Kartej na 418 ya yi watsi da koyarwar Pelagiyus.

3/ A 1524 Erasmus ya kare 'yancin zaɓi, Luta ya mayar masa da martani a 1525. Sai mabiya Kalbin da na Arminiyus, har taron Dort a Holan, 1618 zuwa 1619, ya goyi bayan su Kalbin.

4/ Abokanmu Musulmi ma ba baƙon abu ba ne a wurinsu: Jabariyya da Ƙadariyya sun sha wannan ja-in-ja kan ƙaddara.

5/ Amma ku lura fa. Kalbin da Arminiyus duk sun yarda alheri kyauta ne, Allah ke farawa. Babban saɓaninsu: mutum zai iya ƙin kyautar, ko ba zai iya ba?

6/ Abin da ke cin mu yau daban ne: bidiyon wa'azi a WhatsApp da TikTok, wai "shuka iri", turo kuɗi ƙofa ta buɗe. Na san ɗalibar da ta tura rabin kuɗin rajistarta. Babanta buhun masara ya sayar ya haɗo kuɗin.

7/ Ai irin cinikin nan ne ya sa Luta rubuta batutuwansa 95 a 1517, lokacin da Tetzel ke tallar takardun sassaucin hukuncin zunubi. Cocin Katolika da kanta ta haramta sa kuɗi a harkar a 1567.

8/ Ku buɗe Ayyukan Manzanni sura 8. Siman mai sihiri ya zo da kuɗi zai sayi baiwar Allah, Bitrus ya tsawata masa, bai karɓi ko sisi ba.

9/ Ban ce a daina baiko ko taimakon ikilisiya ba. A bayar don godiya. Amma ceto ba saniya ba ce a karar Wudil ranar Juma'a, da za a ce nawa ka taya, dillali ya ci la'ada.

10/ 'Yan'uwa, mu ci gaba da musun zaɓi da ƙaddara, yana wasa ƙwaƙwalwa. Amma duk wanda ya sa wa alheri farashi, ko ɓangaren Kalbin kake ko na Arminiyus, ka riƙe aljihunka, ka je ka biya rajista.